Ranar da Gadar Anacha ta Karye a Waya

Ku samarin da kuke zama a bencina kuna cajin waya kyauta, na ji abin da kuka gaya wa baƙon nan da ya tambaye ku sana'ata. Cewa kuka yi, "Malam Garba ai danna waya yake yi ana biyansa." Wani a cikinku har ya ƙara da cewa kakarsa ma ta iya, tunda tana turo saƙon murya daga ƙauye. Ban ji haushi ba. To, na ɗan ji. Amma tunda kun ce binciken intanet ba aiki ba ne, ku gyara zama in ba ku labarin yadda na koye shi, da ranar da ya sa na hau okada ɗaya da Alhaji Mamman mai tumatir, wanda duk kun san irin jikin da Allah ya yi masa.

Dako ne ya kawo ni kudu. Baro nake turawa a Kasuwar Artisan ta Inugu, da 'yar sakandaren da ban ƙarasa ba da Turancina mai ɗingishi. A bakin kasuwar akwai wata 'yar ƙabilar Ibo, Madam Ngozi, mai shagon intanet, irin wanda a lokacin ake cewa kafe. Ni nake kawo mata jarkar man janareto. Wata rana wani dattijo mai fataucin awaki ya shigo, ba ya jin Turanci, ita kuma ba ta jin Hausa, sai ta yafito ni ta ce in zauna in rubuta masa abin da yake so a akwatin bincike. Awakinsa ne suke tari. Na ce, "Baba, faɗi abin da kake nema." Ya gyara babbar riga, ya fuskanci kwamfutar, ya fara. Ni kuwa duk abin da ya fito daga bakinsa sai na rubuta: sallama, ina kwana, yaya iyali, yaya gajiya, don Allah in ba damuwa. Kafin mu iso kan awaki akwatin ya cika. Da na danna sai ga shafukan koyon gaisuwa, da hoton wasu Turawa suna murmushi da 'ya'yansu.

Madam ta leƙo ta kafaɗata ta tambayi me na rubuta mai tsawo haka. Da na gaya mata sai ta riƙe ƙugu ta ce, "Garuba, no dey greet am! E no get family." Wato in daina gaishe shi, ba shi da iyali. Na fassara wa dattijon, ya ce shi bai taɓa roƙon abu a wurin kowa ba gaisuwa ba, kuma ba da tsufansa zai fara ba. Sulhu aka yi. Shi ya riƙa gaida kwamfutar da baki, ni kuma na rubuta akuya, tari, magani, da Turanci. Nan take ta fito da shafin wata makarantar koyon aikin dabbobi. Dattijon ya fita yana cewa kun ga amfanin ladabi. Washegari Madam ta ce in ajiye baron.

Abin da na fara koya a hannunta shi ne injin bincike ba ya son surutu. Kalma kaɗan yake so, amma ta zama wadda mutanen wurin suke kiran abin da ita. In kana neman labarin masu babur a Inugu ka rubuta acaɓa, a nan za ka wuni, okada za ka ce. In Hausa ba ta ba ka ba ka juya Turanci, in na littafi ya ƙi ka gwada na kasuwa. Sannan ta hana ni kama abin da ya fara fitowa a sama. Ta ce na saman nan 'yan kamashon tasha ne, su suke fara cafke maka jaka, ba don motarsu ta fi lafiya ba. Ka gangara ƙasa ka buɗe wasu, ka ga ko bakinsu ya zo ɗaya. In ya zo ɗaya ma kada ka yi murna, duba ka gani ko mutum ɗaya ne ya faɗa sauran suka kwafa har da kuskuren rubutunsa.

Babban abin da ta ba ni kuwa wasu tambayoyi ne da take jefo min ko ina cin abinci: "Who see am? Which day? Wetin e go chop inside?" Wa ya gani da idonsa? Yaushe? Me mai maganar zai ci a ciki? In na kawo mata amsa babu waɗannan, sai ta kashe janareto ta ce in zauna in yi tunani da zafi, kada in ƙona mata mai a banza.

Kayan aikinmu na lokacin, da kun gan su da kun tausaya mana. Kwamfuta ce mai ƙatuwar ƙeya, sai an kama maka kake ɗaga ta. Maus ɗin da ƙwallo a cikinsa, in ya ƙi tafiya ka ciro ƙwallon ka goge a riga. Hoto kuwa daga sama yake saukowa a hankali. Ka ga hular mutum, ka je ka yi alwala ka dawo, ka tarar an iso gemu. Wannan jinkirin ne ya koya mana tunani kafin dannawa, don duk dannawar banza mai ne take ƙonewa, kuma Madam tana zaune kusa da mukullin janareton.

Da ta yaye ni ta ba ni tsofaffin kwamfutoci biyu, na zo Anacha na buɗe nawa shagon a nan Head Bridge, kusa da 'yan gwari. Na yi kasuwa kuwa. 'Yan makaranta masu duba sakamako, 'yan kasuwa masu neman inda ake ƙera wani inji, masu son sanin takardun da ake nema kafin a je aikin hajji, har daga Fatakwal ana bugo min waya a ce Malam a duba mana kaza.

Aikin da ya nuna min cewa zamani ya fara juyawa shi ne na Malam Habu mai tsire. Shi ya fara sayen babbar waya a layinmu. Ba a jima ba ya fara ciwon kai, ya rubuta ciwon kai a wayar, ya karanta abin da ya fito, ya gano cewa kwanansa ya ƙare. Ya bi kasuwa rumfa-rumfa yana neman gafara, har ya yafe wa wanda suka yi shekaru ba sa magana. Da ya iso wurina na ce ya nuna min inda ya karanta. Shafin babu sunan likita, babu sunan asibiti, babu kwanan wata, amma can ƙasa ga hoton kwalbar magani da lambar waya da jan rubutu. Na ce, "Malam Habu, mai shafin nan ba mutuwarka yake so ba, kuɗinka yake so. Ni ba likita ba ne, wayar nan ma ba likita ba ce, tashi ka je asibiti." Ya je. Likita ya ce idonsa ne ya gaji, ya rage kallon waya. Ya dawo da rai da lafiya, kuma abin da ya fara yi shi ne ya je ya janye yafiyar da ya yi wa mutumin nan.

Shekarar wahala ita ce shekarar da babbar waya ta yi araha. Kowa ya zama malamin kansa. Shagona ya koma wurin shan iskar ƙadangaru. Na kai kwamfutocin Kasuwar Ochanja na sayar, mai shago ya karɓi mukullinsa. Alhaji Mamman ya gan ni ina haɗa jaka ya ce, "Garba, ina zuwa?" Na ce gida. Ya ce, "Ka je gida ka bincika musu me? Ga benci nan a gefen rumfata, zauna. Ko ba komai ka riƙa karanta min saƙo." Haka na dawo cikin kwandunan tumatir da waya ɗaya da soket na caji. Na ji kunya, amma daɗin da na ji ya fi kunyar, don ban san abin da zan je in gaya wa mutanen gida ba.

Shi ma Alhajin ba a kan ƙafarsa yake sosai ba. Tsutsa ta cinye tumatir a gonakin arewa a kakar da ta wuce, rumfar ta daɗe ba kaya. Da bazara ta zo ya tattara abin da ya rage masa ya yi lodin tirela guda daga Kano. Ya gaya min a fili, "In wannan ta iso lafiya, muna nan. In ta lalace, na saki rumfa na koma gida noma." Na dai kalli bencina.

Direban motar Ɗanjuma ne, wani dogo mai yawan gardama. Duk zuwansa, kafin a gama sauke kaya, a bencina yake zama. Shi ne ɗalibina na farko, kuma abin takaici shi ya fi kowa hazaƙa. Ya haddace tambayoyin Madam har ya addabi mutane da su. In mai shayi ya ce masa madara ta ƙare sai ya ce wa ya gani da idonsa.

Ranar da ake sa ran motar na shigo da hantsi na tarar rumfa ta cika maƙil. An yi da'ira, kowa ya sunkuya a kan waya ɗaya, ana ta salati. Bidiyo ne. Gadar ƙarfe ce a kan kogi, ruwa ya yi toroƙo, sai tsakiyarta ta ɓalle ta rufta da motoci. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa gadar Anacha ce, yanzu-yanzu, a tura wa 'yan uwa. Lokacin ba a gama gada ta biyu ba, ita kaɗai ce hanyar shigowa daga Asaba. Wayoyi sai ƙara suke daga Kano da Sakkwato da Zariya, iyaye mata suna kuka suna tambaya ko muna da rai.

Yanzu ɗayanku ya tashi ya leƙa ta bayan shagon mai buhuna can. Me yake hangowa? Ƙarafan gadar. To haka ake hango su a ranar. Na ce, "Jama'a, ga gadar can a tsaye." Wani mai attaruhu, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Ɓangaren Asaba ne ya karye, ba a hango shi daga nan." Wani ya ce, "Ba ka ga motoci sun tsaya cik a kanta ba?" Sai ka ce akwai ranar da suka taɓa gudu a kanta.

Alhaji yana zaune a kan kifaffen kwando, hula a gwiwa. Ɗanjuma ya riga ya bugo masa. Yana wani zangon manyan motoci kafin Asaba, direbobin duk sun ga bidiyon sun faka, shi kuma ya ce da zarar an yi azahar zai juya ya koma Lakwaja ya zagayo ta Inugu. Tumatirin ya riga ya sha hanya a zafin bazara. In aka ƙara masa wannan zagayen, abin da zai iso mana miya ce.

Na karɓi wayar na zauna. Ga aikin da kuke cewa kakarku ta iya. Da farko na kashe sautin, don kururuwar ce take hana mutum gani. Ruwan bidiyon ya cika ya batse, mu kuwa muna bazara, kogin Kwara ya ja baya har masu ɗiban yashi suna aiki a cikinsa. Mutanen bakin ruwan suna sanye da rigunan sanyi masu kauri. Motocin hannun hagu suke bi, mu kuwa dama muke bi. Sannan ga wanda ya fi komai: a ce gada ta karye a Anacha, jama'a sun taru, amma babu mai tallan ruwan leda ko ɗaya, babu okada, babu mai wa'azi da lasifika? Na tsayar da bidiyon na ɗauki hoton wurin, na saka shi a wurin binciken hoto. Sai ga shi a shafukan jaridun wata ƙasa mai nisa, da kwanan watan shekarun baya. Har na tarar an taɓa yawo da shi da sunan gadojin wasu ƙasashen kafin ya iso kanmu. Na leƙa shafukan gidajen rediyo da jaridun da suke da wakilai a garin nan, babu wanda ya ce uffan. Gadar da rabin ƙasa take bi ba za ta faɗi jaridu su ci gaba da labarin ƙwallo ba.

Na nuna wa Alhaji ɗaya bayan ɗaya. Ya mayar da hula kansa ya ce a kira Ɗanjuma. Na kira, na buɗe murya kowa yana ji.

"Ɗanjuma, Malam Garba ne. Bidiyon nan tsoho ne, na wata ƙasa ne. Tayar da mota ka taho."

"Malam, yayana ne ya turo min. Yayana ba ya ƙarya."

"Yayan naka yana ina?"

"Yana Gusau."

"Daga Gusau ya hango gadar?"

Sai ya ce, "To ku turo min hujja."

Na fita bayan shagon mai buhuna na ɗauki hoton gadar tsaf, na tura masa. Sai ga kiransa.

"Malam, yaushe aka ɗauki hoton nan?"

"Yanzu. Da hannuna."

"Ai kai ka ce min kowa zai iya turo tsohon hoto ya ce na yau ne."

Alhaji ya fizge wayar. "Kai Ɗanjuma, ni ne Alhaji Mamman! Ga gada nan ina kallonta da idona!"

"Ranka ya daɗe, ban ƙaryata ka ba, Allah ya kiyaye. Amma tumatirinka ne a motar. Malam ya ce a riƙa duba abin da mai magana zai ci a ciki."

Alhaji ya juyo a hankali ya dube ni. Ya ce, "Garba, kai ka koya masa wannan?" Na ce, "Ni ne, Alhaji." Ya ce, "To, Allah ya saka maka." Bai faɗi da me ba. Muka gwada kiran bidiyo, sabis ya ƙi, hoton ya daskare a kan hancin Alhaji, Ɗanjuma ya ce shi bai ga gada ba, hanci ya gani.

A ranar na gane wani abu da Madam ba ta koya min ba. Mutum ba ya tuhumar labarin da ya tsorata shi, wanda zai kwantar masa da hankali shi yake titsiyewa da tambayoyi. Ɗanjuma ya haɗiye bidiyon ko ruwa bai nema ba, amma da gaskiya ta zo sai ya ce ta kawo shaidu. Raina ya ɓaci matuƙa, don da makamina yake dukana.

Alhaji ya miƙe ya ce, "Nemo okada." Na so in nemo biyu, amma masu okadan ma sun ga bidiyon, kowa ya ce ba da shi ba. Ɗaya ne kawai ya yarda, shi ma don wayarsa ƙarama ce, labarin bai same shi ba. Alhaji ya hau tsakiya, babur ɗin ya yi ƙasa har ya yi ƙara, ni kuma na maƙale a kan ƙarfen baya, rabin jikina a iska. Muna hawa gadar iska ta cika babbar rigar Alhaji ta rufe min fuska. Ni da na tafi shaidar gada, tun daga wannan bakin har wancan ban ga komai ba sai shadda.

Mun iso zangon ana shirin alwalar azahar. Tireloli sun yi layi, direbobi suna zaune a tabarma a gindin bishiya, sun ba titi baya, fuskokinsu a kan waya. Alhaji bai nufe su ba, motarsa ya fara nufa. Ruwa ya fara ɗiga daga ƙasan bodin. Ya tara yatsa ya shinshina.

Ɗanjuma ya taso ya durƙusa. Duk da saurin da muke yi sai da aka yi gaisuwa cikakkiya, aka tambayi iyali da hanya da gajiya, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ta ina kuka tsallako?"

"Ta gada."

"Ba kwalekwale ba?"

Alhaji ya ce, "Ɗanjuma, dube ni da kyau. Wane kwalekwale ne zai ɗauke ni?"

Direbobi suka fashe da dariya, na ce a raina an gama. Sai wani tsohon direba mai furfura ya ce, "A'a, a bi a hankali. Wannan mai kaya ne, wannan a rumfarsa yake zaune, mai okadan kuma su suka biya shi. Duk bakinsu ɗaya." Ashe Ɗanjuma tun safe yake karantar da su. Na buɗe makaranta ban sani ba.

Sai na ji hon a bayansu. Bas-bas ne suke wucewa sun nufi Legas, an ɗaure musu bokitai da katan-katan a sama. Na ce, "Don Allah jama'a ku juya ku kalli titi. Waɗannan daga ina suke?" Suka ce daga Asaba mana, ba sai sun bi gada ba. Ana cikin haka wata bas ta tsaya fasinjoji su sayi ayaba da gyaɗa. A bakin taga akwai wata mata ta jiƙe sharkaf da gumi, tana fifita da kwali, fuskar nan a murtuke. Na ja hannun Ɗanjuma na ce, "Ga wadda ba ta san mu ba, ba ta da ko ƙwayar tumatir a motarka. Yi mata tambayoyinka."

Ya matsa da ladabi ya ce, "Madam, abeg, na true say bridge don fall?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Which bridge? Bridge wey hold me since morning? Make e fall sef, make person rest!" Wato wace gada, gadar da ta riƙe ta a cunkoso tun safe? Ta faɗi ma kowa ya huta. Daga nan ta hau zagin gadar, da direbanta, da zafin rana, har bas ɗin ta tashi muna jiyo muryarta.

Ɗanjuma ya tsaya yana magana da kansa. "Ta gani da idonta. Yau ta gani. Ba abin da za ta ci a ciki." Ya juya ya ce wa tsohon direban, "Baba, wadda take zagin gada haka ba za ta rufa mata asiri ba." Muka yi salla, ya ciro mukulli.

A gaban tirelar muka dawo, ni a tsakiya. Muna kaiwa tsakiyar gada cunkoso ya riƙe mu, kamar kullum. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kanta ya san takan ɗan yi rawa in manyan motoci suka motsa. Duk rawar da ta yi sai Ɗanjuma ya ƙanƙame sitiyari ya kalle ni, bakinsa yana ta addu'a. Can sai wani mutum a ƙaramar mota kusa da mu ya sauke gilashi, ya ɗago wayarsa yana nuna mana, ido waje, ya ce, "Aboki! Una don hear? Niger Bridge don fall!" Yana tambaya ko mun ji gada ta faɗi, shi da mu duka muna kanta. Alhaji ya leƙa ya dube shi, ya gyaɗa kai cikin alhini ya ce, "Allah ya kiyaye gaba." Ya ɗaga gilashinsa.

Da la'asar muka shiga kasuwa. 'Yan dako suka hau sauke kaya, Alhaji yana tsaye yana duba kowane kwando, ni kuma ina duba fuskarsa. Layin ƙasa ya narke, masu markaɗe suka kwashe shi. Sauran kuwa ja wur, da ƙarfinsa. Alhaji ya ɗauki ɗaya ya goge a riga ya gatsa, ruwan ya gangaro masa gemu. Ya daɗe yana taunawa. Sannan ya nuna bencina da haɓa ya ce, "Garba, gobe ka kira kafinta ya gyara ƙafar bencin nan, rawa take yi." Tunda nake ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba.

Shi ne bencin da kuke zaune a kai. Tun daga ranar mutanen layin nan suka fara kawo min abu in duba kafin su tura gida, kuma da shi nake ci har yau. Bidiyon kuwa bai mutu ba. Yakan ɓace ya dawo, kowane zuwa da sabon rubutu. Makon jiya ma ya shigo wayata, wannan karon an ce gada ta biyu ce. Wanda ya turo, Alhaji ne da kansa, ga shi can a kan kwando yana cin goro. Sai da ya rubuta sallama, ina kwana, yaya iyali, sannan ya ce, "Garba, a duba mana." Na san bidiyon nan kamar yunwar cikina, amma sai da na sa takalmi na je na duba. Tana nan. Mu ma muna nan.